Kumbona Yana Nan Inda Na Bar Shi

Ƙarfe biyun dare saura kwata,
hazon teku ya haɗiye Valparaíso har wuya.
Karnukan tudu sun gaji da haushi.
Hannuna bai daina warin giris ba,
giris ɗin tsohon keken da ke jan mutane kan tudu
yana kuka kamar ƙofar da aka manta.

Na buɗe kwamfutar da Amparo ke aikin makaranta.
Kalmar sirri: sau uku ina faɗuwa.
A na huɗu na tuna,
sunan karen da muka binne bayan girgizar ƙasa,
da shekarar da na yi aure.
Ƙofa ta buɗe, ba ko sannu da zuwa.

Shekara takwas.
Ashe kumbona yana nan inda na bar shi,
ɗaure a tashar wani wata mai launin tsatsa,
ba ƙura, ba yana, ba bashin haya.
A cikinsa ga ƙarfen da na haƙo ban sayar ba,
yau kuɗinsa bai kai na fenti ba.

Kyauta ne, in ji su, har gobe kyauta.
Amma ga kasuwa ta wage baki a gefen allo,
fiffike na zinariya, kwalkwali mai ƙaho,
duk da kuɗin da ake sayen burodi.
Wani yaro ya gifta ni kamar walƙiya
ya rubuto: Kaka, daga gidan tarihi ka sato wannan?
Na yi dariya har kujera ta yi ƙara.

Sai na taɓa jerin abokai.
Da ma ban taɓa ba.

Itziar ta Bilbao, mai zagi da harshe biyu,
kwana dubu biyu da ɗari rabonta da nan.
Casimiro mai gidan burodi a Rosario,
wanda kan bar mu tsakiyar yaƙi don ƙullu ya kumbura,
sunansa ya yi toka.
Sai Nibaldo.
Da rana yana tuƙa motar tagulla a hamadar Antofagasta,
da dare ya zo nan ya ci gaba da haƙa.
Mun sha yi masa tsiya a kan haka.
Kwana dubu da ɗari huɗu da shida.

Akwai wasiƙa guda da ban buɗe ba:
"Eleodoro, na cika maka tanki.
In ka dawo kada ka bi mashigin arewa,
'yan fashi sun yi kwanto a can.
Gobe za a duba mini huhu. Sai na leƙo."

Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Tarinsa na sani, a cikin kunnena,
shekara huɗu, kusan kowane dare.
Ba ni da lambarsa. Ban san sunan mahaifinsa ba.
Wa zan tambaya? Taurarin nan zane ne,
ba su san kowa ba.

Takun ƙafa a bayana.
Amparo ce, da bargo har ka,
ita da na bar wannan sama saboda kukanta na jinjira.
"Baba, naka ne? Ina za shi?"
Na ce ban sani ba.
Ta ture hannuna, ta hau cinyata duk da ta yi nauyi,
ta danna abin da na manta ana dannawa.

Injin ya kama da man Nibaldo.
Tasha ta ƙanƙance, watan tsatsa ya koma ƙwayar gero.
Na ce mata, bi ta kudu.
Ta ce, don me?
Na ce, wani ya ce.

A ƙasa wani jirgin kaya ya yi haniniya a bakin ruwa.
Ƙarfe shida zan tayar da keke.
Tankin ya sauka da ɗigo ɗaya,
ina kallonsa, ban ce ta rage gudu ba.